Weji

Ni ne mai riƙon weji.
A Ngawundare muka yi lodin shinkafa,
buhu ɗari shida a takarda,
ɗari takwas a kan taya.
Jandarma ya leƙo, ya ga jaka biyu,
bai ga sauran ba.

Kwana uku Sali bai kai haƙarƙari ƙasa ba.
Shayi, goro, da 'yar ƙwayar nan
da yake haɗiyewa in na juya baya.
Mai kaya na ta bugowa daga Kusuri:
kuna ina, kuna ina?

Tun a gareji na ce birki na huci.
Aka ce sai mun dawo.

A gangaren Mbe, gab da asuba,
ƙauri ya riga salati isowa.
Ya taka, ƙafa ta nutse har ƙasa.
Ya ce, Bakari, dira.
Na dira da icen a hannu,
na bi ta a guje,
kamar mai tare Binuwai da faifai.

Direbobi kan rage gudu a kwanar yanzu,
su ce ƙaddara.
Ban musa ba.
Wejin dai yana ƙarƙashin gadona,
ban san wa zan mayar wa ba.