Lissafin Dogon Hutu a Agege

Ruwan Ikko na dukan kwano tun la'asar,
na baje takarda kan tabarma,
biro a kunne, ina raba sati shida
kamar mai kasafta naman layya.

Suwaiba, 'yar sha shida, teku take so,
Badagiri, inda kwakwa ke rusuna wa yashi,
amma kada a ɗauke ta hoto da tsohon mayafi.
Mudassir bai ɗago kai daga waya ba:
"Baba, in babu sabis, a bar ni gida."

Na rubuta: gidan sauro huɗu.
Maganin zazzaɓi. Laima.
Kuɗin kwalekwale,
na soke, na sake rubutawa.

Uwarsu na tsince shinkafa, tana dariya:
"Shekara nawa kana Legas
ba ka tsoma ƙafa a ruwan gishiri ba?"

Ashirin da biyu.
Kwandon tumatir, cunkoso, barci.

Na dubi yaran. Baɗi wataƙila
jami'a ta ɗauke ɗaya, ta bar kujera wayam.
Sai na ƙara sati guda a ƙasan takardar,
ban gaya wa aljihuna ba.