Nauyin Albasa Guda

Kanta shida na bi a ɗakin karatu
ina neman abin da ke ruɓar da albasa,
ƙura kawai na kwaso a mayafi.
Malam Anaruwa ya yago 'yar takarda,
a sama ya sa lambar rajistata,
a ƙasa kalmar sirri, harafi takwas.
"Ga mabuɗi, Shafa'atu.
Ko ƙawar ɗaki kar ki ara wa."

Na ce, "Malam, ina ƙofar?"
Ya juyo mini fuskar kwamfuta.

Ashe jami'a ta haƙa rijiya, ta biya,
tun ina ajin farko a nan Aliero,
ni kuwa ina kewaya bakinta da ƙishi,
guga a jaka ban sani ba.

Kalma ɗaya na buga,
littafi arba'in da bakwai suka yi sahu.
Wani sai a nan za a karanta,
wani ya bi ni cikin waya mako biyu,
in wa'adi ya cika ya koma da ƙafarsa,
ba tara, ba cigiya.
Mu talatin kan shafi guda a dare guda,
ba wanda ya ce wa wani, "Miƙo."

Juma'a na iske Baba Nomau gindin rudu
yana tsince masu baƙin wuya,
warin asara har zaure.
"Ke ɗiyata, ina littahin da kic ce?"
Na miƙa waya. Ya auna ta a tafi.
"Wanga ko nauyin albasa guda bai kai ba."

Sabis ya gudu, amma na riga na sauke.
Na ware hoton da yatsa biyu.
Ya matso har hularsa ta taɓa goshina.
"Ita ta! Cutag ga ta!"

Na bi layi ina mayar masa da Hausa:
a janye ban-ruwa kafin cira,
a bar ganye ya kwanta don kansa,
wuya ya bushe kafin wuƙa.

Ya daɗe bai ce komai ba.
"Hakanan kakanki ka yi.
Mu munka yi gaggawar kasuwa.
Wa yag gaya ma mai littahin ga?"

Waya ta mutu a shafi na casa'in.
Ya laluba aljihu, ya ciro ɗari biyu.
"Kai ta shagon Ɗan'ige a ba ta wuta,
mu ji sauran kahin lisha."