Tashar da Jirgi Ke Tsayawa Sau Biyu

Sheƙar shamuwa da ke kan turken lantarki
wata biyu ke nan ba kowa.
Gwarare sun tare a ƙarƙashinta,
ba kuɗin haya, ba ko sallama.
Ni ma ban ce musu kanzil ba.

Da asuba na fito da fitila.
Ciyawar bakin layin dogo ta yi furfura a dare ɗaya,
ina takawa tana ƙaras-ƙaras
kamar ana tauna ƙanzo a ƙarƙashin takalmina.
Numfashina ya riga ni yin gaba,
fari fat, yana duba mini hanya.

Jirgin Sarayebo na shida da kwata
ya makara da minti tara.
Minti taran nan nawa ne, hukuma ba ta da kaso:
na rungumi kofin gahawa da hannu biyu,
na ji yatsuna suna dawowa gida ɗaya bayan ɗaya,
babban yatsa ne ƙarshe, kamar kullum, mai taurin kai.

A bayan tasha Milorad yana faskare.
Daga nan ina ganin gatari ya sauka
sannan ƙarar ta iso, tana ɗingishi.
Ya jera itacen har ya rufe tagarsa,
ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu,
kai ka ce shanu ya tara.
Na ɗaga masa hula, ya ɗaga mini gatari.
Shekara talatin, hirarmu ke nan, kuma ta ishe mu.

Zumreta ta shimfiɗa tuffa a kan tsofaffin jaridu
a ƙarƙashin gado, kar wata ta taɓa wata.
Yanzu ɗakin kwananmu ƙamshin lambu yake yi.
Jan barkono na rataye a bango kamar carbi,
kabeji ya shiga tulu da gishiri
ana danne shi da dutsen da ta ɗauko a rafi
tun shekarar da muka yi fenti.
Ta ce dutsen ya san aikinsa.

Akwai tuffa guda da ta rage a can ƙololuwa,
tsani bai kai ba, sanda ba ta kai ba.
Na ce a girgiza reshen.
Ta ce, bar wa tsuntsu, ai shi ma ya yi gadi.

Wasiƙa ta zo ranar Talata:
baɗi, in an ga bazara, jirgi ba zai ƙara tsayawa nan ba.
Na karanta sau biyu.
Na ninke ta huɗu, na cusa ƙarƙashin ƙafar teburin
da ya daɗe yana rawa.
Ya daina.

Da la'asar duwatsu suka ja farin mayafi har kafaɗa.
Iska ta kwanta. Hayaƙin kowane gida
ya miƙe sak, ba gardama.
Ganyen ƙarshe na bishiyar bakin gada,
ja kamar garwashi,
ya sauko a hankali, yana ta waiwaye.

Jirgin yamma ya tsaya, ba wanda ya sauka
sai buhun gari biyu da jikata Enisa,
hancinta ja, safar hannu ɗaya ta ɓace.
Na ɗaga tuta, na busa usur,
sai wani abu mai sanyi ya sauka a gashin idona.

Kaka, ta ce, kar ka ƙifta!
Ta matso da fuskarta, ta riƙe numfashi,
tana ƙirga masa kusurwoyi.
Ta kai huɗu ya narke.

Ba komai, na ce, ɗaga kanki.
Ga sauran nan tafe.