Kafin a Ƙirga Goma

Ajiye takardar nan, Rashad, miƙo hannunka.
Bari in naɗe maka zare tukuna,
ma yi zancen soja daga baya.
Babban yatsa waje. Kada ka dunƙule sai na ce.

Shekara hamsin ina hawa benen nan
na saman shagon wanki, a yammacin Baltimore.
Gwiwata ta san yawan matakalar, ni na manta.
Wancan hoton da rana ta cinye, ni ne,
Lemuel Pettiford, kambu a ƙugu,
idon hagu ya tasa kamar ƙwan agwagwa.

Daren da na ci shi, a wani gari can Kudu,
mutum dubu tara suka miƙe da sunana a baki.
Da yunwa ta kai ni gidan abinci,
mai gidan ya dubi fatata, ya nuna ƙofar baya.
Kambun yana jakata. Bai ce uffan ba.
Ka san wa ya fito min da faranti?
Wojcik, farar fatar da na fasa wa hanci a turmi na tara.
Muka zauna bisa bayan motarsa,
yana tauna da gefe guda, ina tauna da ɗayan,
babu mai iya dariya don zafin haƙarƙari.

Sukan ce, ina tsoron Allah ga mai dukan mutane?
Ni ban taɓa roƙon nasara ba.
Uwata na durƙushe a cocinmu,
tasa na durƙushe a nasu,
wa zan ce a mayar wa da addu'arta?
Nakan ce dai: Ubangiji, mu biyu muka hau,
ka saukar da mu biyu,
kowa ya gane hanyar gidansu.

Juyo tafin.

A fage sai an auna ka, an auna shi.
Ya sa hannu, ka sa hannu.
Kana ganin idonsa, kana jin warin guminsa,
in ya gaji, a wuyanka yake hutawa.
Wanda aka kashe a fage
yakan tashi kafin a ƙirga goma,
in bai tashi ba, kai za ka fara sunkuyawa kansa.
Akwai alƙali. Akwai tawul da za a jefa.
Akwai ƙararrawa, yaro.

Ƙanena Alton bai taɓa marin kowa ba.
Gyaran rediyo yake yi a kicin ɗin uwarmu,
harshe a waje, kamar mai zura zare a allura.
Wasiƙa ta zo yana da sha tara.
Ba wanda ya ɗora shi a sikeli.
Ba wanda ya nuna masa abokin karawa.
Aka tura shi Biyetnam ya harbi manoman shinkafa
da ba su taɓa nuna masa ƙofar baya ba.
Ya dawo cikin akwati.
Suka naɗe tuta mai kusurwa uku, suka ba uwarmu,
ta cusa ta ƙasan aljihun tebur, ƙarƙashin tsummoki.
Ni na tsaya bakin ramin ina ƙirgawa a zuci.
Na kai goma. Na wuce.
Har yau ban daina ba.

Ba zan yaga takardarka ba.
Na san kuɗin haya, na san abin da suka yi maka alkawari,
mai takalmin ne ya san inda yake matsa shi.
Tambaye su kawai, kafin ka sa hannu:
wa zai buga ƙararrawa?
Wa ke riƙe da tawul?

To, dunƙule. Ya matse?
Je ka ga buhu, turmi uku.
Ɗaga hagun nan, don Allah.
Kana barin fuskarka a buɗe,
sak irin ta Alton.