Lambar Waya a Jikin Ƙofa

Na sa an rubuta a ƙofar motata:
"Yajin Hurera, kira ka ɗanɗana,"
da lambar waya, jan fenti, manya-manya.

Ran Laraba, a shataletalen Ƙofar Ƙaura,
mai tifa ya goge mini gefe guda.

Na kai takarda ofishin inshora.
Yaron ya dubi hoto, ya ɗan yi dariya:
"Baba, ta gida ka yi wa rajista,
wannan kuwa tana yawon talla."

Na ce, "Yaji ne fa, na matata,
ɗari biyar ake sai da roba."
Ya rufe fayil, ya kira na baya.

Motar na garejin Lawandi, kwana tara.
Ƙofa ta lotse, lamba biyu sun ɓata.
Jiya wani ya cike su da ka,
ya bugo, yana son roba goma.