Kwamfuta Ta Bakwai

A Bronx, ƙarƙashin gadar da jirgin ƙasa ke bi,
akwai shagon da a da ake wankin tufafi.
Injinan sun tashi, ƙamshin sabulu bai tashi ba.
Kwamfuta goma sha ɗaya suka gaje wurin,
kyautar wani banki da ya gaji da su,
kowacce da tabon yatsun wanda ya riga mu.

Ran Talata na zo, daga aikin dare,
idona jajir, takalmina sharkaf da ƙanƙara.
Shekara tara ina goge daɓen asibiti,
sai aka ce sabon kamfani ya karɓi kwangila,
mai son ci gaba ya cike fom a intanet.
Na ce a ba ni takarda. Aka ce babu takarda.
Wayata kuwa fuskarta ta tsage gida uku,
gurbin suna ya yi wa babban yatsana kaɗan.

Misis Altagracia ce mai riƙe da makulli,
gajeriya, tabarau rataye a wuya.
Ta sa sunana a allo: minti arba'in da biyar.
Ta bakwai aka ba ni, mai nishin tsohuwar akori-kura,
in jirgi ya wuce ta sama hotonta ya kama rawa.
Na damƙi linzaminta kamar mai kamun kaza,
ta ce, sassauta, ba gudu zai yi ba.

A damana Mista Delroy, ya ba saba'in baya,
kullum yana duba layin gidajen gwamnati;
tun bazara lambarsa taku biyu ta yi.
A haguna Nyasia, 'yar aji shida,
tana aikin gida kan duwatsu masu aman wuta,
don waya ɗaya ce a gidansu,
ita ma tana bin uwar zuwa wurin aiki.

A sati na uku fom ya tafi.
Ba shi ne labarin ba.
Labarin na cikin minti goman da suka rage mini,
na ce bari in rubuta wa ƙanwata a Gusau.
Na nemi ƙa, na nemi ɗa, na nemi ɓa,
madannan nan ba su san da zamansu ba.
Na rubuta ƙasa, ta fito kasa,
ga maciji kwance inda na nufi gida.
Na ce mu baƙi ne a nan, ta ce mu baki ne;
to, da gaskiyarta, bakin muke ta ciyarwa.
Ɗayyabu ma an aske masa lanƙwasa,
yadda aka yi a fasfo, da katin aiki, da takardar haya.

Na ja tsaki. Nyasia ta leƙo.
Na zana mata harafin a bayan rasit.
Ta ce, kamar mariƙin lema.
Ta jawo kujera, harshe a gefen baki,
ta kutsa wasu lunguna da ban san akwai su ba,
danna nan, koma can,
sai ga Ɗ tsaye a farin fili, ƙugiyarsa a ka.

Shekara tara ban ga sunana cikakke ba.
Na murza ido, na ce hasken ne ya dame ni.
Misis Altagracia ta dubi agogo, ta dube ni,
ta goge lokacina daga allo da gefen hannu.

Yanzu an manna wa ta bakwai 'yar takarda,
direbobin tasi 'yan Maradi da Kumasi na jiran ta.
An ce kuɗin hayar shagon a Yuni zai ƙare.
Mista Delroy na buga takardar koke da yatsa ɗaya,
kwana huɗu ke nan, ya kai layi na tara.
Na ce masa in ya gama ya bar mini gurbi a ƙasa,
zan sa sunana,
da lanƙwasarsa.