Agashe a Mai Wurno

Shekara talatin a bakin Nilu,
hayaƙi ne ɗan tallana.
Iska ta kwashi ƙamshin ƙuli,
direbobin Sinnar su tsaya.

Bana jikata Zahra'u ta ce,
"Kaka, ɗaga wuƙar, yi fara'a,
sake, haske bai kama ba."
Sau bakwai na yanka tsoka ɗaya.

Da dare ta haska mini waya:
mutum dubu tara sun danna zuciya,
wani a Jidda yawunsa ya tsinke.
Na zazzage gwangwani,
ko kuɗin gawayi bai fita ba.

Zahra'u, ƙamshi ba ya shiga waya.

Sai ga yaro da hantsi daga Singa:
"Kai ne tsohon nan?"
Ya ɗauke ni hoto sau biyar,
tsinke biyu ya saya.